Shambon, Ƙauyen da Ya Saba da Baƙi

Sa'ad da 'yan'uwanmu masu bi na birnin Liyon suka ce mana sun shirya mana hutun kwana shida a wani ƙauye na kan tudu, inda za mu riƙa hawan keke muna shan iska, gaskiya maganar ba ta kwanta mana ba. Mu huɗu ne muka je ƙasar Faransa a watan Yuli na 2023 domin wani taron ikkilisiya, an kuwa gama taron lafiya. Dattijon da ke cikinmu, wanda ya ba shekara sittin baya, ya ce shi rabonsa da keke tun yana malamin makaranta, a lokacin ma ba don nishaɗi yake hawa ba, sai don ba shi da kuɗin babur. Ya ce, to, me zai faɗa wa ikkilisiya in ya koma gida? Ya ce musu an biya masa kuɗin jirgin sama ya je ya yi wasan yara? Matarsa ma ta goyi bayansa. Amma baƙo ba ya zaɓen tabarmar da za a shimfiɗa masa. Muka ɗauki jakunkunanmu muka bi su.

Sunan ƙauyen a rubuce Le Chambon-sur-Lignon, amma a baki sai ka ji kamar an ce Shambon, haka kuwa za mu kira shi a nan. Yana cikin lardin Haute-Loire, kudu maso yamma da Liyon. Mun shiga jirgin ƙasa zuwa birnin Saint-Étienne, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, daga nan mota ta ɗauke mu, muka yi fiye da awa guda muna ta hawa, hanya tana ta murɗewa cikin kurmin itatuwan fir. Tsayin wurin daga bakin teku ya kusa mita 1,000, watau bai kai na Jos ba, amma ya fi Jos sanyi nesa ba kusa ba. A tsakiyar lokacin zafinsu muka je, duk da haka da asuba sai da muka nemi rigunan sanyi. Mutanen garin wajen 2,500 ne. Gidajensu na dā da dutse aka gina su, bango mai kauri, tagogi ƙanana, gama da hunturu akwai wata iska da suke kira burle, wadda takan kwaso dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, har mutum ya ɓata a tsakanin gidansa da na maƙwabcinsa.

An sauke mu a wani gidan gona a bayan gari, wurin wata tsohuwa da ta haura shekara tamanin da biyar. Tana ba da hayar ɗakuna uku ga masu zuwa hutu. Ta ce haka uwarta ta yi, haka kakarta ma. A lokacin ba mu kula da wannan magana ba. Muka riƙa ce mata Mama, ta kuwa ji daɗin sunan. Ɗan'uwanmu na Maraɗi, wanda Faransanci ya zauna a bakinsa tun yana yaro, shi ya zama tafintanmu.

Kashegari aka kai mu wurin masu ba da hayar keke. Sai ga wani abin da ya sassauto da zuciyar dattijo: keke mai batir. Kamar sauran kekuna yake, da feda da sarƙa da birki, sai dai akwai ɗan inji a jikinsa wanda yake taya ka turi muddin ƙafarka tana juyawa. Ka daina tuƙi, shi ma ya daina. Dattijo ya zagaya fili sau biyu, ya dawo yana murmushi, ya ce wannan keke ya san girman tsofaffi. Aka ba kowa hular kwano, da famfo, da kayan faci, da taswira. Matan suka ɗaure zannuwansu bisa wando, muka kama hanyar Tence, wani gari da ke ƙasa da mu, tafiyar kamar kilomita 9.

Masu karatu, ƙasar nan tana da kyau. Rafin Lignon, wanda ƙauyen ya ci sunansa, yana gudu a kan duwatsu, ruwansa garau, da sanyi kamar an ɗebo daga randa da asuba. Masu kamun kifi suna tsaye a ciki da dogayen takalman roba, kowa shi kaɗai, ba mai magana. Lokacin yankan ciyawa ne, an naɗe ta dami dami kamar manyan ganguna an bar su a fili, ƙanshinta ya cika ko'ina. Shanu jajaye da farare suna kiwo cikin shinge, ba makiyayi. Hanyoyin ƙanana ne, amma duk da kwalta. Abin da ya ba mu mamaki shi ne halin masu mota. In sun tarar da mu a hawa, sai su rage gudu su bi bayanmu a hankali, ba ham, ba zagi, sai sun ga sarari sa'an nan su wuce. Aka gaya mana doka ce, a bayan gari sai mai mota ya bar wa mai keke ratar mita ɗaya da rabi. Ko'ina akwai doka, amma a nan mun ga ana binta.

Wani abu kuma da mai mota ba zai lura da shi ba, amma mai keke dole ya lura. Mutanen tudun nan ba su taru wuri ɗaya kamar ƙauyukanmu ba. Gidajen gona a warwatse suke, wannan a gindin tudu, wancan a bayan kurmi, kowanne da 'yar siririyar hanyarsa, kowanne da karensa. Tun kana nesa kare ya riga ya sanar da mai gida. Sau biyu muka ɓata a ranar, muka shiga hanyar da ta ƙare a ƙofar garken wani. Ba wanda ya ɓata mana rai. A gida na biyu ma sai da aka cika mana gorunanmu da ruwa.

Da la'asar muka koma Shambon, muka zauna a bakin rafi, a wurin da aka gyara domin wanka. Rana ba ta faɗuwa a can a watan Yuli sai bayan ƙarfe 9 na dare, saboda haka yini yana da tsawo ƙwarai. Wurin cike yake da iyalai. Ga kaka a kujerar tafi da gidanka, ga uba yana koya wa 'yarsa iyo, ga uwa tana yanka burodi da cuku a kan mayafin da aka shimfiɗa a ciyawa. Wani magidanci ya zo da keke, jariri a kujerar baya, wasu yara biyu suna biye da nasu ƙananan kekuna kamar 'yan tsaki. Tun 1936 dokar Faransa ta ba ma'aikaci hutun mako biyu a shekara da albashinsa, a 1982 kuwa aka kai shi mako biyar. Mutanen nan sun ɗauki hutu da muhimmanci, sukan yi masa tanadi tun farkon shekara kamar yadda muke yi wa Kirsimati.

Ba duk abin da muka gani ne ya gamshe mu ba. Irin kayan da suke sawa a bakin ruwa, sai da muka riƙa kau da kai. Amma matar dattijo ta yi wata tambaya da ta rufe bakin mazan da ke cikinmu. Ta ce wa mijinta, "Malam, yaushe rabonka da ka fita da 'ya'yanka, ba zuwa sujada ba, ba zuwa gona ba, ba zuwa gaisuwar mutuwa ba, sai don ku zauna tare kawai?" Dattijo ya gyara hularsa, ya ce ai su lokacinsu ba a yin haka. Ta ce ai jikoki suna nan.

Rana ta uku aka kai mu da mota gindin dutsen Mézenc, wanda ya fi kowane dutse tsawo a wannan yanki, mita 1,753. Tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu tun zamanin da ba a sani ba. Mun hau da ƙafa, muna hutawa, yara ƙanana suna wuce mu a guje. Daga bisa kana ganin ƙasa ta shimfiɗu ta kowace fuska, an ce ranar da gari ya yi garau har manyan duwatsun Alps ana hangowa, mu dai hazo ya hana mu. Daga nan muka zarce zuwa dutsen Gerbier de Jonc, mai mita 1,551, inda kogin Loire yake farawa. Shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. Maɓuɓɓuga uku ne a gindin dutsen, kowace ana cewa ita ce ta ainihi. Wadda aka fi zuwa gani tana zuba ne cikin kwamin shayar da shanu a wani tsohon gidan gona. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ya sha bulala a makaranta a kan sunan wannan kogi, ashe daga wurin shan ruwan shanu ya fito.

Har zuwa wannan rana, mu dai a ganinmu yawon buɗe ido muke yi, ba wani abu ba. Da dare muna cin miyar dankali da ganye a teburin Mama, sai muka ji kukan jirgin ƙasa daga nesa. Muka tambaya. Ta ce ai ɗan ƙaramin jirgin nan ne mai tururi, wanda ake kira Velay Express, yana ɗaukar masu hutu a kan tsohuwar hanyar dogo mai kilomita 27, tsakanin Raucoules da Saint-Agrève. Masu aikin sa kai ne suke lura da shi. Sa'an nan ta ƙara da cewa, a wannan jirgi ne yaran suke zuwa. Muka ce waɗanne yara? Ta dube mu, ta ce wa tafinta, ashe ba a gaya mana inda muka zo ba? Ta ce gobe mu je majami'a, mu tsallaka hanya mu shiga gidan da ke fuskantarta.

Majami'ar tana tsakiyar gari, ginin dutse ne na 1821, ba ado, ba siffofi, sai bencuna da mumbari da Littafi Mai Tsarki a buɗe. A bisa ƙofa an rubuta umarnin nan na Ubangijinmu a kan ƙaunar juna, wanda yake cikin Yohanna 13:34. Yawancin mutanen Faransa asalinsu 'yan Katolika ne, amma mutanen wannan tudu da yawa Furotesta ne tun ƙarni na 16. Sun sha wuya saboda haka. A 1685 Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su izinin yin sujada. Aka rushe majami'unsu, aka kori fastocinsu, waɗanda aka kama suna taro aka kai maza tuƙin jiragen ruwan sarki, mata kuwa kurkuku. Wata mace daga lardin Ardèche da ke maƙwabtaka da su, Marie Durand, ta yi shekara 38 a kulle, daga 1730 zuwa 1768, don ta ƙi musun bangaskiyarta. Fiye da shekara ɗari suna taruwa a ɓoye cikin kurmi da rumbuna, suna ɓoye masu wa'azi daga gida zuwa gida, sai a 1787 aka fara sassauta musu.

Gidan da ke fuskantar majami'a kuwa gidan tarihi ne, an buɗe shi a 2013. A nan muka ga labarin yaran. Kashi biyu ne, na farkon kuwa shi ne mutane ba su cika sani ba.

A 1893 wani fasto na Saint-Étienne, Louis Comte, ya dubi 'ya'yan masu haƙar kwal da ma'aikatan masana'antu na birninsa, ya ga sun rame, suna tari saboda hayaƙi. Sai ya fara aika su kan tudun nan lokacin hutun makaranta, ana raba su gidajen manoma, su sha madara, su sha iska, su taya kiwo, a biya manomi ɗan abin da ya sawwaƙa. Abin ya karɓu, har ya zama dubban yara suke zuwa kowace shekara. A 1902 hanyar dogo ta iso Shambon, sai manya ma suka fara zuwa hutu. Aka buɗe otal otal da gidajen saukar baƙi da gidajen yara masu yawa. Talakawan manoma, waɗanda ƙasarsu ba ta ba da abin kirki sai hatsin rai da dankali da ciyawa, suka koyi ajiye gado ɗaya ko biyu domin baƙo. Kusan shekara hamsin ana haka. Ganin baƙon yaro a gidan manomi ya zama ba abin tambaya ba ne.

Sa'an nan yaƙin duniya na biyu ya zo. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa, aka kafa gwamnati a garin Vichy mai haɗa kai da Jamusawa, aka fara tsananta wa Yahudawa. Faston Shambon a lokacin shi ne André Trocmé, wanda ya zo garin a 1934, da abokin aikinsa Édouard Theis. Su biyu ne suka kafa makarantar sakandare a garin a 1938. Ran Lahadi 23 ga Yuni, 1940, kwana ɗaya bayan Faransa ta sa hannu a takardar ajiye makamai, suka gargaɗi jama'a daga mumbarin nan da muka gani, cewa duk umarnin da ya saɓa wa bishara su ƙi shi, ba da bindiga ba, sai da makaman Ruhu. Da sanyin wannan shekara wata Bayahudiya da ta gudo daga Jamus ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan fasto cikin dusar ƙanƙara. Matarsa Magda ta buɗe, ta shigar da ita.

Daga nan suka yi ta zuwa. Ƙungiyoyin agaji suna fitar da yara daga sansanonin da aka tsare iyayensu a kudancin Faransa, suna sa su a jirgi. Su sauka a 'yar tashar nan da muka wuce da kekunanmu, a raba su gidajen yara da gidajen gona, daidai yadda aka saba raba 'yan hutu. An ce fastocin tudun in suna so su sanar da juna zuwan Yahudawa, sai su ce ga Tsohon Alkawari guda kaza yana tafe. In aka ji 'yan sanda za su zo, sai a tura yara kurmi da sunan neman naman kaza, su dawo bayan ƙura ta lafa. Waɗansu aka bi da su ta ɓoyayyun hanyoyi har ƙasar Suwizalan. Masana tarihi ba su daidaita a kan yawan waɗanda aka ceta ba. Waɗansu sun ce Yahudawa wajen 1,000, waɗansu sun kai su 3,500, ban da sauran 'yan gudun hijira. Ba wanda ya ajiye lissafi, gama takarda a lokacin tana iya kashe mutum.

Muka fito daga gidan nan shiru. Dattijo ne ya fara magana. Ya ce yanzu ya gane hanyoyin da muka ɓata a cikinsu shekaranjiya. Ɗan sandan da ya zo daga birni yana neman yaro guda a cikin waɗannan gidaje, da karnuka suna shelarsa tun daga nesa, ina zai fara? Mu ma muka ga haka. Tarihin tsanani ya ba mutanen nan zuciyar da ta san zafin gudu. Wa'azi ya faɗa musu abin da ya kamata. Amma gadon da aka kwantar da yaron, da jirgin da ya kawo shi, da sabon da matar manomi ta yi da ƙara kwano guda a tebur, duk daga sha'anin hutun nan suka fito, wanda muka raina a Liyon. Mutanen da ba su taɓa saukar da baƙo a kwanakin salama ba, da wuya su iya farawa ranar da yin haka zai jawo musu kurkuku.

Kada a ɗauka abin ya wuce ba hasara. A watan Fabrairu na 1943 aka zo kama Fasto Trocmé, da Theis, da shugaban makarantar gwamnati ta garin, Roger Darcissac. Lokacin cin abincin dare ne, Magda kuwa ta ce wa waɗanda suka zo kamun su zauna su ci. Aka tsare su wajen wata guda a wani sansani kusa da Limoges kafin a sake su. Da yamma muka hau keke zuwa wani babban gida a bakin gari, Maison des Roches. A nan ne, ran 29 ga Yuni, 1943, 'yan sandan asirin Jamus suka kewaye gida da sassafe suka kwashe ɗalibai samari 18. Mai lura da su, Daniel Trocmé, ɗan'uwan fasto, ya tafi tare da su. Ya mutu a sansanin Majdanek a ƙasar Folan a 1944, yana da shekara 31. Likitan garin, Roger Le Forestier, shi ma an kashe shi a watan Agusta na 1944. Muka jingine kekuna a bango, muka yi addu'a a tsaye.

Akwai wani abu da muka yi gardama a kansa a daren nan, ba mu kuwa gama ba. Ba a iya ɓoye mutane haka sai da takardun jabu. Wani saurayi Bayahude, Oscar Rosowsky, ya zauna a wani gidan gona yana buga katin shaida da katin abinci na ƙarya, ana ɓoye kayan aikinsa a cikin amyar zuma. Shi Fasto Trocmé bai taɓa musun cewa akwai Yahudawa a garin ba. Ya faɗa wa hukuma a fili cewa ba zai ba da sunayensu ba, gama shi makiyayi ne, mutane ya sani, ba kabila ba. Amma ya san da takardun, abin kuwa ya dame shi da matarsa. Ɗayanmu ya ce ƙarya ƙarya ce, ko don ceton rai. Matar dattijo ta kawo labarin ungozomar Ibraniyawa a Fitowa sura 1, da na Rahab a Joshuwa sura 2. Aka ce mata Littafi ya yabi bangaskiyarsu ne, bai yabi ƙaryar ba. Ta ce to, in an ƙwanƙwasa ƙofarka da dare ana neman wanda ke ƙarƙashin gadonka, ka yi wa mai bindiga wannan bayani. Muna so iyalai masu karanta wannan su ɗauki tambayar su tattauna a lokacin addu'ar gida.

Mama ba ta son a yi ta yabon Shambon. Ta ce ƙauyuka da yawa na tudun ne suka yi aikin, da Tence, da Le Mazet, da Fay, da sauransu, har da 'yan Katolika, da wata ƙaramar ɗarika da ake kira Darbiyawa waɗanda ba su da fasto ma. Ita tana 'yar shekara shida a lokacin. Abin da take tunawa shi ne yara maza biyu da suke kwana a rumbun ciyawa, an ce mata 'yan'uwanta ne daga birni, an kuma hana ta tambayarsu sunan ubansu. A 1990 cibiyar Yad Vashem ta Urushalima ta karrama ƙauyen da maƙwabtansa gaba ɗaya, abin da ba ta cika yi ba. Wani Ba'ostiriye mai suna Eric Schwam, wanda aka ɓoye a garin yana yaro, ya rasu a ƙarshen 2020 ya bar wa ƙauyen dukiyarsa domin ilimin yara. Da muka ta da wannan magana, Mama ta ɗaga kafaɗa, ta ce uwarta dai ba ta taɓa ganin ta yi wani abin a zo a gani ba.

Sai matar dattijo ta ba ta labarin 2014, lokacin da mutane suka gudo daga wajen Mubi da Gwoza, ita ma ta kwana da mutum goma sha bakwai a gidanta wata uku. Mama ta ajiye cokali, ta matso da kujerarta. Ba ta tambaye ta labarin faɗan ba. Ta ce, yaya kika yi da abinci? Daga nan su biyu suka shiga zancen yadda ake ƙara wa miya ruwa ba tare da yara sun gane ba, da wanda ya kamata a fara zuba wa, da yadda ake yi da yaron da yake fitsarin kwance saboda tsoro. Tafinta ya yi ta fama har ƙarfe goma sha ɗaya, mu maza muna zaune ba mu da ta cewa.

Ran Lahadi muka yi sujada a majami'ar. Ba za mu ɓoye muku ba, bencuna da yawa ba kowa, yawancin waɗanda suka zo kuwa masu furfura ne da baƙi irinmu. A waje, masu keke cikin riguna masu launi suna ta wucewa ƙungiya ƙungiya a daidai lokacin wa'azi. Makarantar da Trocmé da Theis suka kafa ma an rufe ta a 2014, saboda ƙarancin ɗalibai da kuɗi. Wannan ya ba mu baƙin ciki, muna roƙo ku riƙa tunawa da ikkilisiyar Faransa cikin addu'a. Amma sun raira Zabura da murya mai ƙarfi, bayan sujada kuma ba wanda ya bar mu muka tsaya mu kaɗai. Muka ziyarci kabarin Fasto Trocmé, wanda ya rasu a 1971, a makabartar garin.

Rana ta ƙarshe muka ajiye wa tafiya mafi tsawo. Daga Saint-Agrève akwai wata hanya da ake kira Dolce Via, tsohuwar hanyar dogo ce da aka rufe a 1968, daga baya aka cire ƙarafan aka mai da ita ta masu keke da masu tafiya a ƙasa. Tsawonta duka wajen kilomita 90, tana bin kwarin rafin Eyrieux har kogin Rhône. Mu dai mun yi kamar kilomita 25 ne, zuwa garin Le Cheylard. Gangara ce kusan duka, ta kan dogayen gadoji na dutse, ta cikin ramummukan da aka fafe a jikin dutse, inda sanyi yake bugunka, muryarka kuma take dawo maka. Kana sauka kana ganin ƙasa tana sākewa, itatuwan fir suna ƙarewa, na gyaɗar kurmi da suke kira châtaigne suna farawa, zafi yana ƙaruwa har muka tuɓe rigunan sanyi.

A tsakiyar hanya tayar dattijo ta baya ta sace. Muna laluben taswira muna neman lambar wayar masu haya, sai muka ga ya riga ya kifa keken, ya ciro tub, ya hura, ya kara a kunne yana neman inda iska take fita. Hannunsa bai manta ba. Wani yaro Bafaranshe da ubansa suka tsaya suna kallo, yaron ya riƙe masa gam. Kafin minti goma sha biyar mun koma kan hanya, dattijo yana gaba, yana raira waƙar sujada da Hausa, ramin dutse yana amsa masa.

Da safe da za mu tashi, Mama ta ba kowannenmu kwalbar jam na 'ya'yan itacen daji da ta dafa da hannunta. Matar dattijo ta kwance ɗankwalinta sabo ta ɗaura mata. Muna sa kaya a mota, sai muka ga ta riga ta cire zannuwan gadonmu ta shanya a igiya, gama da la'asar waɗansu baƙi za su iso, mata da miji da yara uku.